Orijina Ba Ya Fita Daga Gida

Ni a duk bayolojin da aka koya mana darasi ɗaya ne ya zauna mini, shi ma don da albasa aka yi shi. Sauran duk sun bi iska. Ka tambaye ni hanjin kwaɗo yanzu, sai dai in tambaye ka da yaji kake so ko babu.

Muna aji biyu a babbar sakandare a Gaya, malaminmu na bayoloji, wani dogo siriri da alli ba ya rabuwa da gemunsa, ya ce gobe kowa ya zo da albasa za a yi firaktikal. Bai ce guda nawa ba. Ka ce wa ɗan manomi ya kawo albasa, sannan ka yi shiru? Washegari aji ya koma rumfar 'yan gwari. Wani da kwano, wani da leda, ni da rabin buhu a bayan babur tun daga garinmu Kademi, don Baba ya ce ba za a ce daga gidanmu aka kai kaɗan ba. Malam ya daɗe yana kallon tulin. Ya ɗauki guda ɗaya, 'yar ƙarama ma, ya yanka, ya zaro wani tantani siriri wanda ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Ya ce wannan ya ishi ajin duka.

Na ce, "Malam, sauran fa? A soya?"

Ya ce, "Kai za a soya in ba ka zauna ba."

Ya ɗora tantanin a kan gilashi, ya ɗiga masa ruwan aidin don ya yi kala, ya saka a ƙarƙashin na'urar nan ta hangen ƙananan abubuwa, muka yi layi. Da na kafa ido sai na ga ɗakuna a jere kamar bulo a jikin katanga, kowane ɗaki da ɗan ɗigo a ciki. Malam ya ce kowane ɗaki ƙwayar halitta ce, ɗigon nan kuma shi ne cibiyarta, nukiliyas. Ya je allo ya zana ɗigon ƙato kamar faifai, ya kewaye shi da layi, ya sake kewaye shi da wani layin.

Ya ce, "Wannan na'urar tamu ƙarfinta bai kai ta nuna muku ba, amma tantanin da ya lulluɓe cibiyar nan biyu ne, da ɗan lungu a tsakani. Katanga biyu ke nan. Ta waje tana haɗe da hanyoyin da ke cikin sauran ƙwayar. Ta ciki kuma akwai wata raga da ta tallabe ta, kamar yadda azara ke riƙe rufi."

Sai ya ɗauki tsumma ya goge nan, ya goge can, ya yi wa da'irar ƙananan ƙofofi, a kowace ƙofa ya haɗe layin ciki da na waje. Ya ce ƙofofin nan da yawa suke, kuma kowacce da masu gadi. Ƙananan abubuwa irin ruwa da gishiri suna wucewa ba mai ce musu uffan. Babban kaya kuwa sai da shaida a jikinsa, kuma sai da ɗan rakiya da masu gadi suka sani.

Na ɗaga hannu. "Malam, me aka ajiye a ciki da ake wannan tsaro haka? Gwal?"

"DNA. Littafin da aka rubuta yadda za a yi ka, har da wannan bakin naka."

"To yaushe yake fitowa ya sha iska?"

"Ba ya fitowa. In ana son wani umarni a waje, kwafin shafin ake yi, kwafin ya fita ta ƙofa ya je inda ake aiki. Orijina yana ciki."

"Har abada?"

"Sai ranar da ƙwayar za ta rabu biyu. A fara yin kwafin littafin gaba ɗaya, sannan katangar ta rushe, kowane ɓangare ya ɗauki nasa, a gina masa sabuwa."

Na ce, "Allah sarki orijina, an yi masa ɗaurin rai da rai don ya fi kowa amfani." Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga benci.

A ranin shekarar ne idon Baba ya fara dishi-dishi. Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yayana da ya girme ni da shekara huɗu, kuma gandu muke yi, wato gona ta Baba ce, mu duka a ciki muke noma, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Gonakin huɗu ne, uku a nan kewayen Kademi, ɗaya can wajen Gafasa da Baba ya gada ta wurin mahaifiyarsa. Ba wadda take da takarda. A wurinmu iyakar gona a ka take, sai ɗan abin da ido zai kama, kamar layin gamba ko suri ko kututturen aduwa ko wani dutse da aka binne tun kafin a haifi Baba. Kuma ba wurin kaɗai ake riƙewa ba, har da labarinsa: wa ya binne dutsen, su wa suka tsaya shaida, wace shekara maƙwabci ya ci kunya biyu aka dawo da su.

Baba ya ɗauke mu kwana uku muna zaga gonakin, yana dogara sanda yana bayani. Ni abin wasa na ɗauke shi. Allah ya yi ni da kwaikwayo, in na ji magana sau ɗaya ta zauna, har da tarin mai maganar. Da muka gama, Baba ya zaunar da mu a zaure bayan la'asar, ya kira Baffa, ƙaninsa, ya zo ya ji. Ya fara da Yaya.

"Gonar bakin rafi, daga gabas ina ta tsaya?"

Yaya ya sosa ƙeya. "A kukar nan?"

"Wace kuka? Akwai kuka a gonar bakin rafi?"

Tambaya biyar, Yaya bai ci ko ɗaya ba. Da aka zo kaina kuwa, miƙewa na yi tsaye. Na ɗauki sandar Baba, na ranƙwafa kamar shi, na zaga zauren ina zuba bayani da muryarsa. Na yi ɗingishin maƙwabcinmu na arewa, na yi rantsuwar da ya yi a shekarar kunya biyu. Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baba ma ya yi, abin da ba kasafai yake yi ba. Mako guda ina tsokanar Yaya, in na gan shi sai in ce, "Ranka ya daɗe mai kuka a bakin rafi." Shi dai murmushi kawai yake yi.

Da aka gama girbi Yaya ya nemi tafiya Kano tuƙin adaidaita, Baba ya ce ya je, Allah ya tsare. Ni kuma makaranta ta fara zamewa a hankali. Ba wanda ya ce in daina zuwa. Kawai dai da ruwan shuka ya sauka, garmar shanun wani za ta karkace ta shigo mana taku ɗaya, sai a turo yaro har aji a ce in zo mai unguwa yana jira. Yau Kademi, jibi Gafasa. Idon Baba ya ƙarasa rufewa. Kafin jarabawar fita ta zo, sunana ya fi sanuwa a zauren mai unguwa fiye da a rajistar aji. Ban zauna ta ba.

Shekara uku aka yi a haka. Yaya ya yi aure a Kano, yana zuwa da Sallah da sabon takalmi. Abokaina wasu suna Kano, wasu Abuja, wani har Legas, suna turo hoto a bakin ruwa. Ni kuwa ko kwana ɗaya a waje ban isa ba. In na je kasuwar Gaya sayar da wake, la'asar ta yi mini a gida, don Baba yana zaune a zaure yana sauraron ƙarar babur. Hatsi yana fita daga gidanmu, gyaɗa tana fita, saƙo yana fita. 'Ya'yan Baffa ma in suna son sanin inda tasu gonar ta haɗu da tamu, waya suke yo mini, in karanto musu su tafi da shi. Wata rana ina cikin yi wa wani bayanin dutsen Gafasa a waya, sai zanen Malam ya faɗo mini a rai, da'irar nan mai layi biyu. Na ce kai, ashe benci na buga wa kaina.

A kasuwar Gaya na haɗu da Malam, ana saura wata guda Babbar Sallah. Gemun ya yi fari, yanzu ba alli ba ne. Ya gane ni tun daga nesa.

"Mai rabin buhu! Ina ka shige?"

Na ba shi labari a gajarce, ina yi ina dariya don kar ya ji tausayina. Bai yi dariyar ba. Ya ce wani abokinsa yana da ɗakin gwajin jini a Kano, yana neman matashi mai kai da zai koya wa aiki shekara biyu, da wurin kwana, kuma zai bar shi ya sake zama jarabawa. Ya ce, "Kai da ka kafa ido a na'ura ka ƙi matsawa sai da aka ja rigarka. Zan ba shi sunanka. Amma mako ɗaya bayan Sallah zai ɗauki wani in ba ka je ba."

A kan babur ina komawa, lissafi nake ta yi. A gidanmu ƙaramin abu kai tsaye ake faɗa wa Baba. Babban abu kuwa ɗa ba ya tunkarar uba da shi, sai ya samu babba ya shige masa gaba. Babban kaya sai da ɗan rakiya, Malam ya faɗa. Na sayi goro mai kyau na wuce gidan Baffa.

Baffa ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ɗana. Bar ni da shi."

Gidanmu zaure ne a waje, sai ɗan fili, sai shigifa kafin ka shiga cikin gida. Da hantsi Baffa ya zo suka zauna da Baba a zaure, ni kuma na maƙale a filin nan tsakanin katangar waje da ta ciki, ina yi kamar ina gyaran igiyar akuya. To ka san yadda manyanmu ke roƙa wa mutum alfarma, sai sun fara wanke shi tas. Baffa ya gyara murya ya fara, shi ma Yaya yake ce wa Baba. Yaron nan, Yaya, ba irinsa a zuri'armu. Kansa kamar rekoda. Shi ya ƙwato mana kunya uku a Gafasa. Mai unguwa da kansa ya ce in yaron nan ya yi magana ba ya neman wani shaida. In ba don shi ba da yanzu gonar bakin rafi ta zama tarihi.

Ina jin haka na saki igiyar. A raina ina cewa, Baffa ya isa, Baffa rage wuta, ka ce ni shashasha ne mana, ka ce ba na jin magana! Ina, Baffa ya samu hanya, sai da ya kai ni sama ya ajiye, sannan ya kawo maganar Kano.

Baba ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"To duk abin da ka lissafa, shi ne dalilin. Ni ba na gani. In ya tafi, wa zai tsaya?" Ya ɗan juya kai wajen ƙofa. "Kai mai gyaran igiya, shigo, akuyar tana jeji tun safe."

Na shiga na durƙusa. Ya ce ba mugunta yake yi mini ba. Ya ce in akwai wani a gidan nan da ya san abin da na sani, in tafi gobe ma.

Na fito da ƙarfina, don a ganina ƙofa ce aka nuna mini. A yi kwafi, katanga ta rushe. Na nemo tsohon littafina na bayoloji, a bayan zanen albasa na zana gonakin huɗu, kowane suri, kowane kututture. Na kai wa Baba. Ya shafa takardar da hannu ya ce, "Wannan ce za ta tsaya a gaban mai unguwa ta ce wallahi? Gara ma ta fi ka son ta." Na ce to na ɗauki bidiyo a waya. Ya ce, "Wayar da ta faɗa rijiya bara?" Mutum yake so, mai baki, ɗan gidan. Saura Yaya ke nan.

Yaya ya iso ana jibi Sallah, matarsa ba ta zo ba don cikinta ya tsufa. Washegarin Sallah, nama bai gama soyuwa ba na sa shi a gaba. Ya ce, "Auta, ka bar ni in ci tsire mana." Na ce a gona ma ana ci. Kwana biyu muna zaga na Kademi, yana biye da ni da iyafis a kunne ɗaya. In ce nan ne surin, mu yi taku ashirin in tambaye shi, ya nuna mini wata sabara. Na yi masa waƙa da iyakokin, na yi masa kwaikwayo, har zane na yi masa a ƙasa. Sai ya ce, "Ka san kaina, auta. Ba ya riƙewa."

Rana ta uku muka hau babur sai Gafasa. Wannan gonar ita ce mai wuya, don ta yamma ba gamba ba suri, fili ne fetal, sai dutsen nan da yashi ya rufe. Ni kaina sai na auna daga wata tsamiya nake samunsa. Muna isa matarsa ta kira shi. Ya yi gaba yana waya, hankalinsa duk yana Kano, yana tambayarta ko ƙafar ta sake kumbura. Na tsaya ɗaure takalmi ina kallonsa. Mutumin nan ya bi iyakar arewa tiryan-tiryan kamar an ja masa zare. Ya zo daidai inda ake karyawa, inda ba alamar komai, ya karya. Ya yi 'yan taku, ya sa ƙafa ya share yashi, dutsen ya fito, ya ɗora ƙafarsa a kai yana ci gaba da waya.

Da ya kashe wayar ya juyo, ya gan ni, ya kalli ƙafarsa. Ya sauke ta a hankali kamar ya taka wuta.

Na ce, "Ranka ya daɗe mai kuka a bakin rafi."

Ya yi 'yar dariya, ba irin ta jin daɗi ba. "Auta..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a yaye ka nake bin Baba gonar nan. Ta yaya zan kasa sani?"

"To ranar zaure fa?"

Ya zauna a kan dutsen. "Ranar da Baba ya zaga da mu, kai wasa ka gani, ni idonsa na gani. Na san mai gadi yake nema. Har taka maka ƙafa na yi a zauren, ka ce in matsa ina tare maka fili."

Na tuna. Wallahi ya taka ni, har sau biyu.

Na ce ya faɗa wa Baba gaskiya, shekara biyu kawai nake nema, in na gama in dawo ya koma. Ya ce shekara biyu a bakin wa? Ya ce yana da mata a ɗakin haya, haihuwa yau ko gobe, in ya ce ya sani shi za a rufe, kuma ƙofar nan in ta rufe ni ma na ga yadda take. Ya ce in yi haƙuri. Muka hau babur, har gida bai sa iyafis ɗin ba.

Bayan la'asar Baba ya zaunar da mu a zaure, Baffa yana gefe, kamar wancan karon. Ya yi wa Yaya tambaya huɗu, Yaya ya zubar da huɗun, kansa a ƙasa. Baba ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Kai me ka gani? Ya iya?"

Na yi niyyar yin shiru, Allah ya sani, saboda matar nan da cikinta. Amma bakina bai taɓa neman shawarata ba. Na ce, "Baba, ya fi ni sani! Dutsen Gafasa da ƙafa ya tono shi yana waya. Da gangan yake yi, tun farko da gangan ya yi!"

Baffa ya ce, "La'ilaha illallahu." Yaya bai ɗago ba.

Baba ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Na'am?"

"Ni na haife shi. Yaron da ya yi kiwo a bakin rafi shekara bakwai zai ce mini akwai kuka a can? Tun ranar na gane." Ya lalubo carbinsa. "Amma wanda ya sani ya iya rufe baki a gaban ubansa, ranar da aka taru a gaban mai unguwa, aka zare masa ido, zai rufe. Kai kuwa ga shi nan, ko ɗan'uwanka ba ka iya rufa wa ba. Irinka gona take so."



Yaya ya koma Kano da safe. Ya bar mini sabon takalminsa a ƙofar ɗaki, ban ce na gode ba, amma ina sawa. Ranar da mako ya cika na kira Malam na ce a ba wani.

Na ce, "Malam, ka ce in an yi kwafi katanga tana rushewa. Kwafi yana nan tun tuni, ba ta rushe ba."

Ya ce, "Kwafi kaɗai ba ya rushe ta, sai ƙwayar ta tashi rabuwa. Akwai ma waɗanda ba sa rabuwa, irin na ƙwaƙwalwa, haka suke zama."

"Da ka faɗi wannan tun ranar albasa ai da na zauna a bayan aji na yi shiru."

"Kai ɗin?" Ya yi dariya, sannan ya ce in gaida Baba.

Na san ranar da gandunmu zai rabu, kowa a gidan ya sani. Rana ce da ba ɗan kirkin da zai zauna yana jiran ta, kuma duk safiya ni nake kama hannun Baba in kai shi zaure, in ce Allah ya ƙara masa lafiya, kuma da gaske nake faɗa.

Bayan kwana tara aka yi ruwa mai ƙarfi. Da sassafe ina shan koko yaron mai unguwa ya yi sallama, wai garmar maƙwabcinmu na arewa ta sake karkacewa. Baba daga zaure ya ce, "Auta, ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba." Na ajiye kofin, na sa takalmin Yaya, na ɗauki sandar Baba.